Fangalin da Ruwa Ya Yi wa Yawa

Duk shekara, idan sanyi ya fara shigowa, sai mun iso darasin nan ni da ’yan ajina. Turanci nake koyarwa a wata sakandaren ’yan mata a Kura. A littafin da aka ba mu akwai wasu kalmomi da aka jera wuri guda: excess, surplus, extra, leftover, spare. Yaran nan kuwa, da an tambaye su ma’anar ɗaya, baki ɗaya za su amsa, “Ragowa, Malama!” A tambayi ta biyu, ragowa. Ta uku, ragowa. Sai in ce to madalla, tunda duk ragowa ce, mu rufe littafi kowa ta kama gabanta.

Ni ba na ɓata bakina da dogon bayani. Abin da suka baro a gida nake ɗauko musu. Extra, nakan ce, gyaran nan ne da mai ƙosai take jefa miki bayan ta gama zuba naki. Leftover tuwon jiya ne da kuka yi ɗumame da shi yau da safe, kuma kada wadda ta yi min ƙarya, ina jin ƙamshin miyar kuka a ajin nan. Spare ma ai kun san ta, safayar nan ce da direba yake ɗaurewa a bayan mota. Waɗannan ukun ba sa ba su wuya. Inda ake yin ta shi ne excess da surplus.

A nan sai in tambaya, wace ce babanta yake noman albasa? Kusan rabin aji su ɗaga hannu. In ce, idan aka manta da tiyo a fangali, ruwa ya yi ta zuba har albasa ta ruɓe, wannan ruwan shi ne excess: yawa ne mai ɓarna, ya wuce kima, babu wanda ya nema. Surplus kuma, shinkafar da ta saura ce bayan an fitar da zakka an ware abincin gida na shekara. Lafiyarta ƙalau, ba ta cuci kowa ba, jiran mai buƙata kawai take yi. Su rubuta, in bi layi ina dubawa, in ja kunnen wadda ta rubuta min surplus da harafin f.

Bara wata yarinya mai shegen surutu da take zama a bakin taga ta ɗaga hannu. Ta ce, “Malama, to wa yake yanke cewa wannan yawa ya yi, wancan kuma saura ya yi?”

Na ce ta zauna, ba za a tambaye ta wannan a jarrabawa ba. Gaskiya ce kuma, ba za a tambaya ba. Amma tambayar ta biyo ni har cikin adaidaita sahu, domin na taɓa ganin an yanke irin wannan hukuncin a gonarmu, kuma ba na ba da shi misali a aji.

Ƙauyenmu yana hanyar Bunkure, kuma gonar Babanmu a kan ruwa take, wato daf da inda ƙaramin kanal ya balle daga babba. Mu muke fara samun ruwa idan an sako. Waɗanda suke can ƙarshen kanal kuwa sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan ya isa gare su. Shi tumatir ba a shuka shi kai tsaye. Reno ake yi masa a ɗan fili, a rufe da ciyawa, a yi ta yayyafa ruwa, sai ya tasa a cire a dasa a fangali, wato ɗan filin da aka kewaye da kunya don ya riƙe ruwa. Mutumin ƙarshen ruwa in ya ce sai ruwa ya zo masa zai fara reno, kafin tumatirinsa ya nuna kasuwa ta cika ta batse, kwanduna sun yi layi a bakin titin Kadawa, mata sun fara yanka kauɗa suna shanyawa.

Saboda haka Baba yakan yi reno fiye da abin da gonarsa za ta ci. Ba shi kaɗai ba, yawancin dattawan kan ruwa haka suke yi. Amma abin yana da ƙa’ida. Ba a sayarwa. Ba a kuma ba da shi kyauta, a ce ungo. Idan mai gona ya gama dashensa, sai ya janye ƙayar da ta toshe bakin shingen renon, ya yi tafiyarsa. Buɗaɗɗen shinge yana nufin abin da ke ciki ragowa ne. Mai buƙata ya zo da jiƙaƙƙen buhu ya cira ya tafi. Ba ya roƙo, ba ya godiya, gobe in sun haɗu a masallaci babu wanda yake sunkuyar da kai. In bai zo da wuri ba awaki su riga shi, wannan kuma tsakaninsa da awaki.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo da muke ce wa Baffa, duk da babu jini tsakaninmu. Bafulatani ne da shanunsa suka ƙare tun muna yara, ya zauna ya kama noma a ’yar gonarsa ta can ƙarshen ruwa. Abokin Baba ne na gaske, kullum suna tsokanar juna. Dogo ne siriri, yana da tsohon keke da ya fi shi surutu. Fulakonsa kuwa ya isa. Idan ya tarar ana cin abinci a zaurenmu, ko da yunwa za ta kashe shi, cewa zai yi yanzu ya tashi daga kan ƙwarya. Na taɓa ganin Baba ya aika masa da rigar sallah, washegari rigar ta dawo da ƙwai a naɗe cikin tsumma a kanta. Amma ragowar iri yana ɗiba, duk shekara, hankalinsa kwance. Tumatirin nan shi ne cefanen gidansa har damina.

Shekarar da nake magana, Baba ya faɗi ana tsakiyar ɗiban tumatir. Shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun dama da ƙafa sun tafi, harshe ya yi nauyi. A cikin ruɗanin asibiti babu wanda ya tuna ya matse nunannen tumatir ya shanya ’ya’yan kamar yadda Baba yake yi, don haka irin gida ya yanke mana. Gona ta koma hannun autanmu, wanda bai daɗe da gama karatun aikin gona ba.

Zan faɗi gaskiya a kan Auta, don kada a ce na yi masa sharri. Yaron nan ya san aikinsa. Ba malalaci ba ne, ba kuma marowaci ba. Shi yake ɗaukar Baba ya kai shi banɗaki, shi yake yanke masa farce. Matsalarsa ɗaya, komai sai ya auna. Ya sayo irin gwangwani, gwangwani ɗaya, ingantacce, mai tsadar da in aka faɗa wa Baba sai ciwonsa ya tashi. Ya auna gona, ya auna reno, ya shuka daidai abin da gonar za ta ci da ɗan abin cike gurbi.

Wata Asabar na je gida na leƙa renon. Kyau kam ya yi kyau, kore shar, amma ɗan mitsitsi. Na ce, “Kai, ina sauran?”

Ya ce, “Wane saura, Yaya?”

“Na mutanen ƙarshen ruwa mana. Na Baffa.”

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya ce, “Yaya, abin da Baba yake yi excess ne. Da irin gida ba a gani, tunda ba saye ake yi ba. Da wannan irin ba zai yiwu ba.”

Ku ji min yaro! Ni zai yi wa Turanci? Ni da na koya masa a, b, c, da gawayi a jikin bangon ɗakin girki? Na ce, “Surplus ake cewa, malam masani. Excess shi ne mai ɓarna. Wa irin Baba ya taɓa cuta?”

Bai ko ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce, “Surplus ai abin da ya saura ne da kansa bayan ka biya buƙatarka. Wanda ya tashi da gangan ya shuka abin da ya san ba ya buƙata, bai samu saura ba, ya wuce kima ne tun farko. Ke ce malamar, ki gyara min in na yi kuskure. Ga maganin Baba, ga taki, ga ’yan ƙwadago. Ki nuna min inda zan yanko.”

Na ce masa mai ƙaton kai, wanda ba amsa ba ce, na sani. Na koma cikin gida ina huci. Abin haushin, da na dawo Kura na duba ƙamus ɗina ban samu abin da zan kama shi da shi ba.

Baba kuma daga kan tabarmarsa yana bin kwanakin noma a ka. Da ya ji sanyi ya kama sai ya fara tambaya. Magana tana fita da ƙyar, sai an kasa kunne. “Shinge,” yake cewa. “A buɗe… shinge.” Auta ya ce, “To, Baba.” Ni kuwa in harare shi, ya kau da kai.

Ranar da za a gama dashe ina gida, ni na kai wa ’yan ƙwadago abinci. Aiki ya yi kyau, an dasa gonar kaf, saura fangali huɗu a gefen gabas, ta wajen hanya. A cikin reno kuma saura daidai abin da zai cika fangali huɗun nan. Lissafin Auta ya fita cif. Har yana murmushi.

Sai muka ji ƙarar keke.

Baffa ne, da kwando a ɗaure a baya da jiƙaƙƙen buhu yana ɗiga. Ruwa ya isa gare shi a makon, ya gyara gonarsa, ya zo kamar yadda ya saba. Ya jingine keken, muka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi yarana da maigidana ɗaya bayan ɗaya. Yana gaisuwar idonsa yana kan shinge. Ƙaya tana nan a toshe. Ya dubi abin da ya rage a reno, ya dubi fangali huɗun da ba a dasa ba. Manomi ba ya buƙatar a yi masa bayani. Na ga lokacin da ya gane.

Ya ce, “Kai, iri ya yi kyau, ɗan nan. Allah ya sa albarka.”

Auta ya ce, “Amin, Baffa,” muryarsa can ƙasa.

Ni ba na iya ganin abu in yi shiru, haka Allah ya yi ni. Na ce, “Baffa, ai sai a ɗibar maka.”

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. Ya ce, “A’a, Malama, wucewa nake yi, na ce bari in yi muku sannu da aiki.” Da kwando. Da buhu yana ɗigar ruwa a kan tayar keke. Ya juya keken ya hau, ya nufi inda ya fito, ba ma inda ya ce zai wuce ba.

Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Na san ba zai je wurin wani ba, domin sauran na kan ruwa sun riga sun buɗe nasu an kwashe. Na san kuma ko na sayo masa a kasuwa na kai har gida, dawo min da shi zai yi, da ƙwai a kai. Na juya kan Auta zan sauke masa kwandon masifa, sai na ga ba ni yake kallo ba. Layin ɗigon ruwan da buhun ya bari a kan hanya yake kallo.

Can ya ce wa ’yan ƙwadagon, “Ku wanke hannu, an tashi.”

Babbansu ya ce, “Saura huɗu fa, yallaɓai. Yanzu za mu gama.”

Ya ce, “Waɗancan ba za a dasa ba. Ruwa yana kwanciya a wurin.”

Mutumin ya dubi fangalin, ya dube shi. Gefen gabas ɗin nan shi ne tudun gonarmu. Tun ina yarinya Baba yake mitar cewa ruwa ba ya hawa can sai an yi da gaske. Amma wanda aka sallama da wuri ba ya musu. Suka wanke hannu suka tafi.

Auta ya tattaro tiyo duk da muke da su, irin na roba da ake zuƙo ruwa daga kanal, ya jera su a kan fangali huɗun nan. Ya ɗauki fartanya ya ƙara wa kunyoyin tsayi ya toshe duk wata mafita. Ruwa ya yi ta shiga. Ina tsaye da kwanukan abinci a hannu ina kallon ikon Allah. Kafin la’asar wurin ya zama tafki, har sararin sama ake gani a ciki.

Na ce, “Kai kuma wane hauka ne wannan?”

Ya ce, “In Baffa ya ga busasshen fangali babu dashe, ba zai taɓa irin nan ba.”

Daga nan ya je bakin shingen reno, ya kama ƙayar ya janye ta gefe. Ta soke shi a hannu, ya tsotse jinin ya tofar. Ya ce, “Yaya, mu tafi. Ba a tsayawa.”

Tun da Baba ya kwanta, Baffa yakan zo gaishe shi da safe, kuma babu wata hanya sai ta gefen gonarmu. Washegari na kasa zama. Na fake da cewa na manta murfin kwano, na bi Auta gona. Muna can nesa wajen masara sai ga keken. Babu kwando a kai wannan karon. Ya wuce shingen, ya taka burki, ya dawo da baya. Ya daɗe a tsaye yana kallon tafkin nan. Sannan ya hango mu ya ɗaga murya.

“Ɗan nan, ruwa ya yi wa nan yawa.”

Auta ya ce, “Haka na gani, Baffa.”

“Assha. Tumatir ba ya son haka.”

“Ba ya so.”

Baffa ya gyaɗa kai. Ya cire rawaninsa, ya tsoma shi a cikin ruwan fangalin ya jiƙe, ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsuguna a cikin reno ya fara cira. A hankali yake yi, yana tallabo saiwar da ƙasarta. Ya naɗe, ya ɗaura a bayan keke, ya tafi da kansa babu rawani. Bai ce an gode ba. Ban taɓa jin daɗin rashin godiya irin na ranar ba.

Abin bai tsaya nan ba, domin ƙarya tana son kiwo. Dole Auta ya ci gaba da cika fangalin nan da ruwa duk lokacin da aka sako, tunda Baffa yana wucewa kullum. Maƙwabta suka fara gunaguni, mutum yana shayar da ƙasa babu shuka alhali wasu suna jiran layi. Suna da gaskiya, wannan kam excess ne, ko ni ba zan kare shi ba. Aka yi ta yi masa dariya a majalisa, wai ɗan boko ya buɗe gidan kifi. Sauro ya samu gida. Sai da dashen Baffa ya kama sosai sannan Auta ya bar wurin ya tsane, ya watsa alayyahu don kada ya zauna haka. Alayyahun da muka ci a shekarar, har yau ba na marmarinsa. Kuma fangali huɗu ba wasa ba ne a gidan da ake jinya. Mun ji a jikinmu, ni ma sai da na ƙara abin da nake aikawa.

Shi Baba abin da aka gaya masa kawai shi ne an buɗe shinge, Baffa ya ɗiba. Ya ce, “Wa… ya buɗe?” Auta ya ce, “Ni ne, Baba.” Baba ya ɗago hannunsa mai lafiya ya dafa masa kai, ya bar shi a nan har sai da hannun ya gaji ya zame.

Ni da Auta ba mu sake tayar da gardamar kalmomin nan ba, sai sau ɗaya da na tsokane shi. Na ce, “To malam masani, wanda Baffa ya ɗiba, excess ne ko surplus?” Ya ce, “Yaya, don Allah ki ƙyale ni.” Na ƙyale shi, don ni ma ban san wanda zan zaɓa ba. Abin da aka cire daga bakin gona aka ce ragowa ne, ban ga shi a jerin littafinmu ba.

Baba ya rasu da damina, ana tsakiyar shinkafa. Auta bai yi kuka ba. Shi ya yi ta kai da kawo, tabarmi, ruwan alwala, karɓar baƙi, fuskarsa a bushe kamar ba ubansa aka binne ba. Har na fara jin haushinsa.

Ranar addu’ar uku Baffa ya ce yana so ya yi wa mata ta’aziyya, Auta ya shigo da shi tsakar gida. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya yi mana gaisuwa, ya yi addu’a mai tsawo, muka shafa. Ya dafa bango ya miƙe. Har ya juya zai fita sai ya tsaya, ya dubi Auta.

Ya ce, “Ɗan nan, tudun nan naka da ruwa yake kwanciya, ya bushe kuwa?”

“Tudu” fa ya ce. Ni na ji, Auta ma ya ji.

Auta ya ce, “Ya bushe, Baffa.”

“To bana ka dasa shi duka. Ka ji ko? Duka.”

Auta ya ce to. Ya raka shi zaure, muna jin ƙarar keken har ta yi nisa. Da ya dawo bai koma wurin maza ba. Ɗakin Baba ya shiga ya zauna a kan tabarmar, a nan kukan ya zo masa, irin na yara, da sheshsheƙa. Na bi shi na zauna kusa da shi ban ce komai ba, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

Da sanyi ya shigo na je gida na leƙa reno. Gwangwanin iri biyu na gani a yashe a gindin shinge, ba ɗaya ba.